Abokin Ido a Fagen Gishiri

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ba tare da ya auna da igiya ba, ya ɗaga sama ba ginshiƙi, ya rarraba harsuna ya bar ƙishirwa iri ɗaya. Ku matso, ku gyara zama, ku ba ni aron kunnuwanku. Ni ne Ukashatu, wanda a gida ake kira Nomau saboda an haife ni ana tsakiyar noma. Abin da zan faɗa muku ba a bakin wani na ji ba. Ƙafata ce ta taka, idona ya gani, goshina ya taɓa.

Shekarar da na gama jami'a kaina cike yake fal, kamar tulun da aka ɗauko daga rafi, duk inda na juya sai ya fantsala wa mutane. Tarihin addinai na karanta, na kuwa karanta shi da yunwa. Amma tambaya ɗaya ta ƙi barina in yi barci: mutanen da ba su taɓa jin labarinmu ba, in abu ya dame su suka ɗaga kai sama, wa suke kira, kuma da wane baki? Sai na ji labarin birnin Samandira, can bayan tekun kudu, a ƙasar da ba ta cikin taswirar makaranta, inda aka ce malaman kowane addini a unguwa ɗaya suke zaune. Na gaya wa mahaifiyata zan je. Ta dube ni ta ce, "Nomau, wannan kan naka wata rana sai ya kai ka inda mota ba ta zuwa." Ta daka mini dakuwa, ta sa mini albarka, na kama hanya.

Ba zan gajiyar da ku da wahalar teku ba. Abin da zan ambata kawai shi ne Kogin Komau, wanda yake gudu kudu tun daga asuba, in rana ta karkata sai ya juyo arewa, ya mayar da kowane kwalekwale inda ya taso. Na iske matafiya a bakinsa hannuwansu duk sun yi kanta, kullum suna tuƙi da ƙarfin tsiya suna faɗa da ruwa, kullum magariba ta same su a mashigar da suka baro. Ni da na ga ba ni da ƙwanjin wannan kokawa, sai na sayi doguwar igiya. Ruwa na juyawa in ɗaure kwalekwalena a jikin bishiya in ci dakuwata, gari na wayewa in kwance. Da haka na isa wani gari da ake kira Bakin Fari.

Daga bayan ganuwar garin nan ƙasa ta ƙare, gishiri ya fara. Fili ne fari fat, ba tudu ba kwari, ba ciyawa ba inuwa, iyakar ganinka. Shi ake kira Fagen Gishiri, kuma Samandira tana ɗaya gefen. Da dare ba a tafiya a cikinsa, don akwai ramuka da ɓawon gishiri ya rufe, sai da hasken rana ake gane su. Da rana kuma akwai shahon gishiri.

Wannan tsuntsu, jama'a, in ya buɗe fukafukansa zai rufe zaure guda. Yakan sure raƙumi da kayansa. Wanda ya kafa rumfa ya ɓuya, da shi da rumfar za a ɗauka. Amma Allah ya sa masa wata kunya: ba ya faɗa wa wanda yake kallonsa. Zai yi ta shawagi yana neman ƙeyar da ta sunkuya, in ya ga ido a tsaye yana bin sa, sai ya ja da baya. Mai tafiya yana iya duba ƙasa ya duba sama, bai ba shi sarari ba. Mai ibada ne abincinsa.

Mutanen ƙasar kashi biyu ne. Akwai Yumɓawa, waɗanda suke kiran Ubangiji Magini. Da hantsi suke durƙusawa, su tsoma hannu cikin ƙwaryar ɗanyen yumɓu da suke yawo da ita, su sunkuyar da kai suna rera waƙa. Akwai Shirawa, waɗanda ba sa furta sunansa ko kaɗan. In zance ya kai gare shi sai su yi shiru, su buɗe tafin hannu. Su da tsakar rana suke kwanciya rub da ciki, ba sa tashi sai inuwarsu ta fito ta gabas.

Na nemi ayarin da zai ratsa Fage, aka kai ni wurin shugabarsa, wata dattijuwa Bayumɓiya mai suna Iya Sambuli, gajera, mai murya kamar ta mai tallan manja. Ta dube ni daga hula har takalmi.

"Ɗan samari, kana ibada?"

"Ina yi, Iya."

"Da wane lokaci kake sa kai ƙasa?"

Na fara yi mata bayanin salloli biyar, da asalinsu, da hikimar lokutansu. Ta ɗaga hannu.

"Ban ce ka buɗe mini makaranta ba. Wanda rana take sama nake tambaya."

"Sau biyu. Bayan rana ta karkata, da kuma la'asar."

"Sau biyu!" Ta juya ga mutanenta. "Kun ji, wannan shi kaɗai abincin rana ne da na yamma." Aka yi dariya. Sannan ta ce, "Saurara. A Fage ba a tafiya sai da abokin ido. Bayumɓe da Bashire ake haɗawa. In wannan ya durƙusa, wancan ya tsaya a kansa yana kallon sama. In wancan ya kwanta, wannan ya rama masa. Ba a haɗa 'yan ibada ɗaya, don lokacinsu ɗaya ne, tare za a kwashe su. Haka kakanninmu suka ratsa, haka muke ratsawa. Yanzu wa zai ɗauki mai sau biyu?"

Kowa ya kawar da kai. Can sai wani dogon tsoho da ke zaune a kan buhu yana gyaran takalmi ya ce, "Ba ni shi, Sambuli. Ni ma ai ba mai so na."

Sunansa Tarwande, Bashire ne, ya tsufa a kan wannan hanya. Abokin idonsa na shekara da shekaru ya rasu da damina, kuma duk ayarin an san kwanciyarsa ta fi ta kowa tsawo, wuyan mai tsaronsa sai ya ƙage. Wannan ce ratsawarsa ta ƙarshe, gida za shi ya zauna cikin iyalinsa a gindin duwatsun Samandira. Iya Sambuli ta miƙo tandun kwalli. Na sa masa a ido, ya sa mini. Da haka ake ƙulla abota a wurinsu, kuma kowace safiya sai an sake, don kwallin yana rage ƙyallin gishiri.

Ranar farko da hantsi na ga abin da ban taɓa gani ba a littafi. Ayari ya tsaya, rabin mutane suka zube a gwiwa suna waƙa, rabi suka miƙe a kansu, haɓa a sama, kamar shuka mai neman ruwa. Da rana ta take tsaka aka juya. Baba Tarwande ya shimfiɗa mayafinsa ya ce, "Malam ƙarami, ga ƙeyata nan, amana." Ya kife.

Ban daɗe da ɗaga kai ba na hango ɗigo baƙi. Ya yi ta girma har na ga farcensa, kowanne kamar lauje. Ya zagaya ta hagu na bi shi, ya zagaya ta dama na bi shi. Rana tana dukan idona, hawaye na zuba, wuyana kamar an ɗora mini turmi. Zuciyata tana ce mini in ruga. Na tuna tsohon da ke kwance a gabana bai san ma sunan garinmu ba, amma ya ba ni bayansa. Na cije. Tsuntsun ya yi wata ƙara kamar ana yage sabon ƙyalle, ya yi sama.

Da Baba ya tashi yana kakkaɓe gishiri daga gemu sai ya ce, "Ya zo?"

"Ya zo, Baba."

"Ka gaishe shi?"

"Bakina ne ya ƙi buɗuwa."

"Ba komai, ba ya fushi. Yi taka ibadar, lokacinka na wucewa."

Na ta da kabbara a tsakiyar farin fili, inuwar tsoho a kaina. Tun da nake salla ban taɓa jin nauyin sujada kamar ranar ba.

Tafiya ta miƙa, hira ta yi daɗi. Ni dai kun san halina, tambaya ba ta ƙare mini. Wata rana muna tafe na ce, "Baba, yaya za a yi mutum ya so wanda ba ya kiran sunansa? Mu fa sunaye kyawawa casa'in da tara muka sani nasa."

Ya tsaya cak. "Nawa?"

"Casa'in da tara."

"Kai! Kuma duk bakinku bai ƙone ba? Mu ko ɗaya mun ga ya fi ƙarfin harshenmu." Ya matso kusa da ni. "Faɗa mini ɗaya in ji."

Na ce, "Mai Ji."

"Wannan mun san shi. Shi ya sa ba ma ɗaga murya."

Iya Sambuli tana gabanmu a kan raƙumi, ashe kunnenta na wurinmu. Ta waiwayo ta ce, "Rabu da Shirawa, ɗan samari, rowar baki ce kawai. Wanda ya murza ka da hannunsa, ya fitar maka da hanci da kunne, ka ce ba za ka yi masa waƙa ba?"

"Waƙar taku ce ai take kiran shaho," in ji Baba. "Ni in ni ne Shi, da na toshe kunne."

"Ka ji tsohon banza! Wa ya tsare maka ƙeya shekarar da ka yi zazzaɓi?"

Na shiga tsakani da zumuɗi, na ce mu ma muna kiransa Mai Halitta, Mai Siffantawa, sai dai ba ma kamanta hannunsa da hannun kowa, babu abin da ya yi kama da shi. Iya ta ce, "To wa ya ce maka tukunya ta san kamannin magini? Taɓin yatsansa kawai take ji a jikinta." Baba ya buɗe tafin hannunsa. Mun yi musu iri-iri a hanyar nan. Akwai inda muka haɗu, akwai inda muka rabu, kuma inda muka rabu ban ɓoye musu ba, su ma ba su ɓoye mini ba. In musu ya yi zafi sai lokacin ibadar wani ya yi, ɗayan ya ɗaga kai sama.

Ana nan ruwanmu ya fara ja baya. Dogaronmu duka a kan Rijiyar Tsakiya yake, kuma wani ayari da muka gamu da shi ya ce ya bar ta tana ƙafewa. Aka rage sha. Leɓuna suka tsattsage, waƙar Yumɓawa ta koma kamar nishi, yumɓunsu ya bushe a ƙwarya. Na ga wani Bashire ya tsiyaya rabon ruwansa a ƙwaryar abokin idonsa don ya samu abin tsoma hannu. Shaho kuwa ya ɗauke ƙafa, kwana da kwanaki sama wasai.

Da muka isa rijiyar, da la'asar sakaliya, aka zura guga kowa ya riƙe numfashi. Sai muka ji ta ce fal. Ruwa ne, mai sanyi, har da yawa. Wayyo, ku zo ku ga murna! Manya suna kuka, ana rungumar juna, ana watsa wa raƙuma ruwa. Iya Sambuli ta hau bakin rijiya, fuskarta sharkaf, ta ce:

"Jama'a, tun ina budurwa nake ratsa Fagen nan. Na ga ƙeyar Shirawa, sun ga tawa. Amma ban taɓa sa kai ƙasa tare da ɗan'uwana Bashire ba, ko sau ɗaya. Wanda ya ba mu ruwan nan bai tambayi waye mai waƙa waye mai shiru ba. Sama fes take. Mu gode masa tare, kowa da irin tasa, ko da na ɗan lokaci ne."

Ba wanda ya musa. Ƙauna ce ta cika mutane har ta rufe musu abin da suka sani tun suna yara. Baba Tarwande ya kama hannuna ya ce, "Malam ƙarami, kullum ɗayanmu a tsaye. Yau dai mu sa goshi a gishiri ɗaya." Ni ma zuciyata ta yi fari. Na fuskanci alƙibla na yi sujadar godiya, ya kife a gefena, waƙa ta tashi. A duk faɗin Fagen Gishiri babu ido ko ɗaya a sama.

Ta cikin rana shahuna suka fito, inda ba a iya hango su. Abin da na fara ji iska ce, sai ihun raƙumi, sai wani abu ya caki rigata ta baya ya ɗaga ni. Baba ya zabura ya rungume ƙafar tsuntsun da hannu biyu. Ɗaya ƙafar ta kawo masa yakushi a fuska, amma bai saki ba. Muka yi sama mu biyu. Na ga rijiya ta koma kamar bakin kwalba, mutane kamar tururuwa suna watsewa. Nauyinmu ya dami tsuntsun, ya yi ta tafiya da mu ƙasa-ƙasa yana tangaɗi, har ayarin ya ɓace mana. Sai rigata ta ce ɓarrr, na faɗo. Baba ya saki ya biyo ni. Allah ya sa a cikin wani taɓon jiƙaƙƙen gishiri muka zube, ƙashi bai karye ba.

Na ja shi waje. Farcen ya ratsa masa goshi har kunci, gishiri ya shiga ciwon. Na wanke masa da ruwan salkar da ke ɗaure a ƙugunsa, ita kaɗai ta rage mana. Idanun suna nan, a buɗe, amma sun yi fari.

"Rana ta faɗi ne?" ya tambaye ni.

Rana kuwa tana nan ba ta faɗi ba, sai na kama hannunsa na riƙe. Ya ce, "To. Na gane."

Na yagi abin da ya saura na rigata na ɗaure masa fuska. Can kudu ina hango duwatsun Samandira, shuɗi-shuɗi kamar hayaƙi. Da gari ya waye na ɗora hannunsa a kafaɗata muka kama tafiya, ina duba rami ina duba sama. Shaho ɗaya ya biyo mu, bai matso ba, bai tafi ba.

Ni sallata ba ta zame mini matsala ba. Malamanmu sun koya mana cewa mai tsoro yana salla yadda ya iya, a tsaye ko a tafe, da ishara. Haka na riƙa yi, ido a sama. Amma da rana ta take tsaka na ce, "Baba, lokacinka ya yi, kwanta ina nan," sai ya girgiza kai.

"Ba a cin tsaron da ba za a rama ba."

"Wa ya ce sai ka rama? Ai ka riga ka biya, kai ka ƙwace ni daga bakin mutuwa."

"Wannan daban. Abokin ido, ido yake bayarwa. Ni nawa ya ƙare."

Ranar bai kwanta ba. Washegari ma haka. Mutumin da tun yana yaro bai taɓa barin tsakar rana ta wuce shi a tsaye ba, sai ga shi yana wuce ta kamar wanda aka kora daga gidan ubansa. Na ga abin yana cin sa fiye da ciwon. Ya daina tsokanata, ya daina amsa tambaya. In na miƙa masa salka sai ya taɓa leɓe ya mayar. Hannunsa a kafaɗata kullum ƙara nauyi yake.

Rannan da rana ta fara sanyi sai ya zame hannunsa, ya zauna a kan gishiri, ya kwance salkar ya ajiye a gabana.

"Ɗauki. Ka sa duwatsun a gabanka, kada ka taka inda gishiri ya yi ruwan toka."

"Baba, tashi mu tafi."

"Wanda idonsa ya mutu a Fage, zama yake yi. Haka ake yi. Ba kaina farau ba."

Na durƙusa a gabansa na zazzage duk abin da na karanta. Na ce masa rai amana ne. Na ce masa Wanda yake yi wa shiru ba ɗan kasuwa ba ne da zai ce sai an rama. Na kawo misali daga gabas na kawo daga yamma. Ya bar ni na gama, sannan ya lalubo kaina ya shafa.

"Bakinka da daɗi, Malam ƙarami. Amma ka dubi abin da kake roƙona. In bi ka kamar akuya, kana tsarona, kana ja na, kai kuma ko goshinka ba ka iya sawa a ƙasa saboda ni. Ban saba zama kaya ba."

Kuka ya zo mini, na kifa kai a gwiwarsa. Na manta da sama sam. Shi kuwa ƙyallen fuskarsa ya dame shi da ƙaiƙayi, ya kwance shi don iska ta taɓa ciwon. Sai na ji jikinsa ya ƙame, ya ɗaga haɓa, ya juya fuska hagu. Wata inuwa ta share mu, iska ta watsa mana gishiri, ƙarar nan ta yage sama. Na ɗago a firgice. Shahon ya riga ya sauko, ya fasa, yana komawa sama.

Na dubi tsuntsun, na dubi tsoho. Fararen idanunsa a buɗe, suna bin inda ƙarar fukafukai take.

"Baba! Ka san abin da ya faru yanzu?"

"Na ji iskarsa."

"Kai ka kore shi! Ni kaina yana ƙasa. Baba, tsuntsun nan bai san ba ka gani ba. Ido yake tsoro, ba gani ba. In dai fuskarka tana bin sa, a wurinsa kai mai tsaro ne."

Ya juyo da fuskarsa wajena. Sannan ya ce, "Lallashina kake yi."

"Wallahi ba lallashi ba ne."

"Inuwa ta kai ina?"

Na duba. "La'asar ta yi."

"To in gaskiya ka faɗa, yi sallarka. Ba ta tsaye ba. Irin wadda ka saba, goshi a ƙasa."

Jama'a, ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba. Magana a baki abu ne mai sauƙi, ni kuwa gwaninta ne. Amma sau ɗaya na ga abin ya faru, wa ya sani ko dace ne? In ya juya dama tsuntsun yana hagu fa? Addinina ya yi mini rangwame, ba wanda zai zarge ni in na ƙi. Sai dai na san in na ce a'a, tsohon nan ba zai sake tashi daga inda yake zaune ba.

Na kama hannunsa na miƙar da shi. Na tsayar da shi a bayana, na gyara masa tsayuwa. Na bugi gishiri da tafina na yi taimama. Niyyata don Allah na yi ta, kuma Shi ya san abin da ya sa na zaɓi ƙasa a ranar. Na ta da kabbara.

A raka'ar farko ban ji komai ba sai bugun zuciyata. A ta biyu, ina ruku'u, na ji fukafukai can nesa ta dama, na ji gishiri ya yi ƙara a ƙarƙashin ƙafar Baba yana juyawa. Na tafi sujada. Ƙeyata a buɗe, ina jin ta kamar an tuɓe mata fata. Ƙarar ta koma hagu, ƙafafunsa suka bi. Ta koma baya, suka bi. Sai kuma shiru. Tsuntsun ya daina kaɗa fiffike, ya saki jiki yana zuwa a sulale, ba abin da kunne zai kama. Na ji Baba ya tsaya cak, ko numfashi ba ya yi. Komai na jikina yana ce mini in ɗago. Na danna goshina a gishiri, na ci gaba da tasbihi, ina kiran Maɗaukaki da bakin da ya bushe, a kaina kuma ga wani bawansa da bai taɓa kiran sunansa ba, yana sauraren inda mutuwata za ta ɓullo don ya tare ta da fuska.

Wata 'yar iska ta taɓa mini wuya ta gefen alƙibla. Kafin in gama jin ta, ƙafar Baba ta tsallake ni, ya tsaya a gabana. Ƙarar da tsuntsun ya yi ta kusa fasa mini kunne. Gashinsa guda, mai tsawon hannu, ya faɗo kusa da tafina. Daga nan ƙarar ta yi ta nisa, ta yi ta nisa.

Na cika sallata a natse, raka'a huɗu, ban gaggauta ko ɗaya ba. Na yi sallama. Da na ɗaga kai na gan shi tsaye, haɓa a sama, ruwa da jini suna gangarowa daga idanun da rana take duka ba su ƙifta ba.

"Ka idar?" ya ce, bai sauke kai ba.

"Na idar, Baba."

"Duka? Ba ka yanke ba?"

"Ko harafi ban yanke ba."

Ya sauke ajiyar zuciya. "To ɗaure mini fuskar nan, zafi take yi kamar an zuba barkono." Na ɗaure masa. Ya miƙo hannu yana lalube. "Ina salkar? Ba ni in sha, maƙogwarona ya bushe."

Ya sha sosai, ya goge baki, ya ɗora hannunsa a kafaɗata, ya tura ni gaba kamar mai kora jaki.

"Mu je. Kuma ka shafa wa wuyanka mai tun yau, Malam ƙarami. Gobe da tsakar rana ina da ramuwa, zan daɗe."

Ya kuwa daɗe. Wuyana bai saki ba sai da muka kwana uku a gidansa, a gindin duwatsu, inda muka iske Iya Sambuli da waɗanda suka tsira sun riga mu isa, har an fara zaman makokinmu. A nan zan ajiye sandar tafiyata. Wanda ya saurara, Allah ya huta gajiyarsa, wanda yake kan hanya, Allah ya haɗa shi da mai tsaya masa.